Ci-rani a Bankin Turawa: Me Ɗanmu Zai Dawo da Shi?

Ranar Asabar ɗin makon jiya na je Kazaure ɗaurin auren ɗan wani aminina. Bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, sai wani dattijo ya riƙo hannuna ya ja ni gefe, gindin wata darbejiya. Daga wani ƙauye ya zo a ƙasar Gwiwa, ɗansa kuma ɗalibina ne da na koyar a sashen nazarin tattalin arziki. Zan sakaya sunayensu. Yaron ya gama bautar ƙasa, ya sami rangwamen kuɗin makaranta a wata jami'a a Ingila, uban ya sayar da bijimansa ya jinginar da gona guda, dangi suka yi karo-karo aka cike abin da ya rage, ya tafi ya yi digiri na biyu. Yanzu ya kammala, wani babban bankin zuba jari ya yi masa tayin aiki a ofishinsa na Birmingham. A daidai wannan lokaci kuma wani banki a Abuja, irin waɗanda ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, ya kira shi.

Dattijon ya ce, "Malam, kai ka koyar da shi, kai za ka faɗa mini gaskiya. Mutanen gari suna cewa ya zama manajan banki a Landan. Shi kuwa da na tambaye shi a waya, sai ya ce ko kuɗin ba zai gani da idonsa ba. To wane irin aikin banki ne wannan? Kuma abincin da zai ci daga gare shi, mai tsarki ne?"

Na ce, "Baba, tambayoyin nan biyu sun fi ƙarfin a amsa su a tsaye." Muka nemi tabarma muka zauna har aka kira la'asar. Abin da na faɗa masa, da wanda na faɗa wa ɗan a waya daga baya, shi na ga ya dace in kawo wannan fili. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon fasahar kwamfuta suna nan Kazaure suna yaye ɗalibai, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Irin wannan tayi zai ƙara zuwa gidajenmu, ya kamata ya same mu da ma'aunin da za mu auna shi.

Mu fara da tambayar farko. Bankin zuba jari daban yake da bankin da muka sani, inda malamin makaranta yake bin layi ya karɓi albashi. Abokan hulɗarsa manyan kamfanoni ne da gwamnatoci da hukumomin fansho. Shi ke taimaka wa kamfani ya sayar da hannun jari, ya taimaka wa gwamnati ta ci bashi ta hanyar takardun lamuni, ya shiga tsakani idan wani kamfani zai saye wani, ya kuma yi cinikin kuɗaɗen ƙasashe. Ma'aikatansa sun kasu gida uku. Akwai na gaba, masu ganawa da abokan hulɗa da ƙulla ciniki. Su ne ake gani a fina-finai, su ne kuma masu kaso mafi tsoka. Akwai na tsakiya, masu auna kasada da tabbatar da an bi ƙa'ida. Sai na baya, masu cika cinikin da aka ƙulla.

Da na ga Baba bai gamsu ba, sai na kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dillali ya kama hannun mai saye, ya kama na mai sayarwa, a yi ta ja-in-ja har a ce an sallama. Idon kowa yana kan dillali, shi ne kuma mai la'ada. Amma bayan ya juya ya nufi wani cinikin, dole wani ya ƙirga kuɗin, wani ya rubuta rasit, wani ya tabbatar sān da aka ɗora a tirela shi ne wanda aka biya kuɗinsa, wani kuma ya binciki cewa ba na sata ba ne. Na ce, "Baba, aikin waɗannan mutane aka ba ɗanka, sai dai nasa a kwamfuta ne." Idan ɗan kasuwar banki a Landan ya sayi hannun jari da safe, sashen ɗalibina ne zai duba ko lissafin ɓangarorin biyu ya yi daidai, ya tabbatar kuɗi sun tafi kaya sun zo a ranar da aka ƙayyade, ya bi sawun duk inda aka sami saɓani har a warware shi. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ashe malamin kasuwa ne."

To me ya sa Birmingham, ba Landan ba? Amsar ita ce tsada. Hayar ofis da albashi a Landan da New York sun yi nauyi, shi ya sa manyan bankuna suka kwashe ayyukan baya zuwa garuruwan da rayuwa ta fi sauƙi. Goldman Sachs ya buɗe ofis a Bengaluru ta Indiya a 2004, ya buɗe wani a Birmingham a 2021. JPMorgan yana da dubban ma'aikata a Bournemouth da Glasgow, Citi yana Belfast, Morgan Stanley yana Glasgow da Budapest. Matashin da zai karɓi irin wannan aiki ya kamata ya fahimci ma'anar wannan tsari: an ajiye shi ne nesa da zauren da ake yanke shawara. Da yawa daga cikin yaranmu suna shiga da zaton bayan shekara ɗaya ko biyu za su tsallaka sashen gaba. Akan tsallaka, amma jefi-jefi, domin sashen gaba yana da tasa ƙofar ɗaukar ma'aikata tun daga jami'a. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda zai karɓi aikin baya, ya karɓe shi don abin da yake cikinsa.

Abin da yake cikinsa kuwa ba kaɗan ba ne, tarihi ma ya shaida haka. Bankin Barings, wanda aka kafa a Landan a 1762, ya durƙushe a 1995 a hannun ma'aikaci guda, Nick Leeson, a ofishinsa na Singafo. Kuskuren da shugabanninsa suka yi shi ne barin mutum ɗaya ya zama shi ne dillali, shi ne kuma malamin da yake rubuta rasit. Ya riƙa ɓoye asararsa a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827, daga ƙarshe aka sayar da bankin da ya haura shekara 230 ga kamfanin ING na Holan a kan fam ɗaya tak. A 2008 bankin Société Générale na Faransa ya yi asarar kusan yuro biliyan 5 ta hannun Jérôme Kerviel, wanda ya fara aiki a sashen tsakiya, ya san inda masu bincike suke dubawa da inda ba sa dubawa. Darasin da duniyar banki ta ɗauka shi ne cewa amanar gidan tana hannun mutanen da ba a ganinsu.

A gida ma muna da misali. Tun kafin Muhammadu Sanusi II ya hau karagar Kano, ya bar koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ya shiga bankin Icon a 1985. Sunan da ya yi a UBA daga 1997, da kuma First Bank daga 2005, a fannin auna kasadar bashi ya yi shi. Daga wannan kujera ta tsakiya ya zama shugaban First Bank a farkon 2009, ya kuma zama gwamnan Babban Bankin Nijeriya a watan Yunin wannan shekarar. Saboda haka ban yarda da masu raina aikin ba, kamar yadda ban yarda da masu kambama shi ba.

Sai batun kuɗi, inda hankalin dangi yakan fi karkata. Mu ɗauka, don misali kawai, albashin fam 30,000 ne a shekara. Idan aka buga shi a kan naira 2,000 kowane fam, an sami naira miliyan 60. Wannan adadi shi ne zai isa ƙauye, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata tun 2024. Amma a Ingila fam 12,570 na farko ne kaɗai ba a cire wa haraji. Abin da ya haura ana cire kashi 20 cikin 100, a kuma cire kashi 8 na inshorar ƙasa. Abin da zai rage bai fi fam 2,100 a wata ba, kafin a cire na fansho. Daga nan za a biya hayar ɗaki, da harajin ƙaramar hukuma, da wuta da gas na ɗumama ɗaki a hunturun da ya fi namu tsawo, da kuɗin mota, da abinci. Rarar da za ta saura tana da amfani idan aka aiko da ita gida, musamman tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a kan dala ta haura 1,500 a 2024. Sai dai rara ce ta ma'aikaci mai tattali, mai auna kowane fam kafin ya kashe. Na roƙi Baba ya fahimtar da dangi haka, domin na ga yaran da buƙatun gida suka hana su ajiye ko sisi, suka shekara biyar a Turai suka tashi hannu rabbana.

Abu na gaba shi ne takardar zama. Ɗalibin da ya gama digiri a Birtaniya yana da bizar shekara biyu ta neman aiki, gwamnatin ƙasar kuma ta sanar da rage ta zuwa wata 18 daga 2027. Bayan ta ƙare sai kamfani ya tsaya masa. Mafi ƙarancin albashin da ake buƙata don haka an ɗaga shi zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024, aka sake ɗaga shi zuwa fam 41,700 a Yulin 2025, ko da yake akwai sassauci na ɗan lokaci ga sababbin shiga aiki. Ke nan mutum yana iya yin shekara biyu yana aiki tsakani da Allah, ya wayi gari albashinsa bai kai mizanin da zai ba shi damar zama ba. Idan kuma bankin ya tsaya masa, zamansa a ƙasar ya rataya a wuyan aikin. Ranar da aka rage ma'aikata, kwanaki ƙalilan gare shi ya sami wani ko ya haɗa kayansa. Ina yawan tuna wa ɗalibaina labarin Kweku Adoboli, ɗan asalin Gana, wanda ya fara a sashen baya na bankin UBS, ya tsallaka sashen gaba, ya jawo asarar dala biliyan 2.3 a 2011. An ɗaure shi, aka kuma tasa ƙeyarsa zuwa Gana a 2018, duk da cewa tun yana yaro yake zaune a Birtaniya. Laifinsa nasa ne, ba na kwatanta shi da kowa. Abin lura kawai shi ne baƙo baƙo ne, komai daɗewarsa.

Akwai kuma barazanar na'ura. A watan Mayun 2024 Amurka ta rage wa'adin cika cinikin hannun jari daga kwana biyu zuwa kwana ɗaya, Birtaniya da Tarayyar Turai kuma sun sa Oktoban 2027 don bin sahu. Duk lokacin da wa'adi ya gajarta, sai a ƙara miƙa aikin ga manhaja, domin hannun mutum ba zai iya wannan sauri ba. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Ma'aikacin da iyakar aikinsa ya kwafi lamba daga wannan shafi ya zuba a wancan, kujerarsa tana rawa. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa lissafi yake saɓawa, ya san dokar da take bayan kowane mataki, ya kuma iya gina manhajar da za ta yi aikin, shi za a riƙe. Sunan aikin nasu ɗaya ne a takarda, makomarsu ce ta bambanta.

Yanzu ga tambayar Baba ta biyu, wadda ita ce ta hana shi barci. Ba zan yi kwana-kwana ba: bankin zuba jari na Turai a kan kuɗin ruwa aka gina mafi yawan harkokinsa. Sanannen hadisin nan da yake cikin Sahihu Muslim bai tsaya a kan mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa da marubuci da shaidu, aikin sashen baya kuwa ya fi kama da na marubuci. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kan wannan. Wasu sun hana aiki a irin wannan gida ɗungurungum, wasu sun bambanta tsakanin wanda hannunsa yake cikin yarjejeniyar kuɗin ruwa kai tsaye da wanda aikinsa ya shafi wani fanni, kamar tantance abokan hulɗa don daƙile halasta kuɗin haram, ko kula da na'urori. Ni malamin tattalin arziki ne, ba ni ba da fatawa. Shawarar da na ba ɗalibina ita ce ya karɓi bayanin aikin a rubuce, ya san takamaimai wane irin ciniki ne zai riƙa bi ta teburinsa, sa'an nan ya kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya kuma san yadda kasuwar zamani take gudana. Tambaya a dunƙule amsa a dunƙule take samu. Idan bayan haka zuciyarsa ba ta natsu ba, ya bari, domin albashin da mutum yake karɓa yana ƙyanƙyaminsa ba zai yi masa albarka ba.

Na kuma tuna masa cewa ƙwarewar da ake samu a can ana nemanta a wuraren da babu wannan shubuha. A Birmingham ɗin aka kafa bankin Musulunci na Birtaniya a 2004, wanda ya koma Al Rayan a 2014, shekarar da gwamnatin Birtaniya ta fitar da sukuk na fam miliyan 200. A gida, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Duk waɗannan suna buƙatar masu cika ciniki da masu auna kasada. Ko a nan Jigawa, riɗi da zoɓon da manomanmu suke nomawa har ƙasashen ƙetare suke kaiwa, amma kaso mai tsoka na ribar yana tafiya ga wanda ya iya takardun fitar da kaya, da lamunin ciniki, da rasit ɗin rumbun ajiya. Wannan ilimi ne na sashen baya, kuma ƙarancinsa a tsakanin 'ya'yanmu yana cikin abin da ya sa manomin Roni yake sayarwa da kaka a farashin da aka yanka masa.

Aikin Abuja fa? Yana da nasa alheri, kada a raina shi. A ƙaramin banki matashi yakan taɓa ayyuka da yawa, shugabanni su san fuskarsa, a ba shi ragama da wuri. Yana kusa da iyayensa, rana ɗaya ta ishe shi ya iso gida idan wani abu ya taso. A babban bankin ƙetare kuwa yana iya shekara uku yana juya dunƙule guda na wani katafaren inji. Abin da zai samu a can, wanda da wuya ya samu a nan a wannan mataki, shi ne ganin yadda ake tafiyar da tsari mai tsauri, inda kuskuren lamba ɗaya yake da mai amsa shi, da kuma shaidar aiki da duniya take girmamawa.

Da ɗalibina ya matsa ya ce, "Malam, kai da kai ne wanne za ka ɗauka?" sai na ba shi amsa da abin da kakanninsa suka sani. Mutanen ƙasar nan sun daɗe suna ci-rani. Idan an gama girbi an kai amfani rumbu, sai magidanci ya nufi Kano ko Kurmi, ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce. Bai taɓa jin kunyar ƙanƙantar sana'ar ba, domin ya san abin da ya kai shi: kuɗin taki, ko garma, ko sadakin ɗa. Ya kuma san ranar komawa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas zai ɗaure kayansa. Ɗan ci-ranin da ya lalace shi ne wanda ya tafi ba da niyya ba, damina ta wuce shi, wata ta sake wucewa, har gonarsa ta zama saura.

Na ce masa idan malamai sun warware masa matsalar farko, ni ina ganin ya karɓa, amma da niyyar ɗan ci-rani. Kafin ya sa hannu ya tambaye su ko za su tsaya masa a kan biza idan ta yanzu ta ƙare, a kuma rubuta. Ya tambaya ko ana zagayawa da sabon ma'aikaci sassa daban-daban, da kuma inda waɗanda suka riƙe kujerar kafin shi suke a yau. Ya tambaya ko bankin yana biyan kuɗin jarrabawar ƙwararru irin su CFA ko ACCA. Amsoshin nan sun fi adadin albashin muhimmanci. Ya yanka wa kansa wa'adin shekara uku, ya rubuta abin da yake so ya iya kafin su cika, ya riƙa duba takardar duk ƙarshen shekara. Kuɗin farko da zai tara kuma ya fanso gonar mahaifinsa da su, kafin mota, kafin gini, kafin komai.

Ban ɓoye masa cewa wa'adi yana da saurin narkewa ba. Ni ma a waje na yi digirina na uku, kuma cikin waɗanda muka tafi tare akwai waɗanda suka ce shekara biyu za su ƙara, ga shi yau 'ya'yansu ba sa jin Hausa. Ba na zarginsu, kowa da uzurinsa, kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare suke aikowa gida ma ya kai kimanin dala biliyan 20 a shekara, ba abin rainawa ba ne. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya zauna ya zaɓi ya ci gaba da zama, da wanda kwanaki suka tafi da shi bai ankara ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, haka ne, amma waɗanda suka faɗi wannan su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Da muka tashi daga tabarma, Baba ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Malam, na gane. Ka ce masa ni ban hana shi ba, ban kuma tura shi ba. Ya tambayi malamai, ya yi istihara. Gonar kuma kada ta dame shi, wanda na jinginar wa mutumin kirki ne, zai jira." Na isar da saƙon a daren. Bankin ya ba yaron mako biyu ya ba da amsa, zuwa lokacin da nake wannan rubutu saura kwana shida.

Allah Ya zaɓa masa abin da ya fi alheri, shi da sauran 'ya'yanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.